Sakata Biyu, Mabuɗi Ɗaya

Da hantsi Ungozoma ta fara aiki a bangon kicin ɗin Barira. Fitilarta ta koma kore, cikinta ya ɗauki ɗan gurnani irin na kyanwa, Barira kuwa ta ɗora yatsa a kan gilashi tana jira a gama karanta jininta. Ungozoma na'ura ce da hukumar lafiya ta birnin Sabon Gulbi ta kafa a gidaje, tun daga benayen da ke gogar gajimare har ɗakunan ma'aikata irin su Barira, mai aiki a gonar tumatir da ke saman rufin kasuwa. Ba ta taɓa karɓar haihuwa ba. Suna ne mata suka laƙaba mata, ita kuma ta amsa.

A zamanin kakanni, ƙwayar tazarar haihuwa kullum ake shan ta. Ranar da mace ta so ɗa sai ta ajiye, jiki ya koma yadda yake. Masana suka ce wannan wahala ce, bai kamata ɗan Adam ya dogara da tunawa ba. Sai suka ƙera Sakata, ƙwaya ɗaya, sha ɗaya. A cikinta akwai 'yan injuna da ido ba ya gani, ana ce musu 'yan gadi. Su tafi su tsaya a hanyar mahaifa, ba barci ba gyangyaɗi, har ranar da mace ta haɗiyi ƙwaya ta biyu mai suna Mabuɗi, wadda ke sallamar su. Kuma don kada miji ko uwar miji ko wani kamfani ya buɗe mace ba da saninta ba, sau ɗaya ake zuba Mabuɗi, sannan na'ura ta narkar da zubin. Kowa ya yaba da wannan hikima, mata ma suka fi kowa.

Gurnanin ya tsaya. Wata ƙwaya fara mai ƙyalli ta gangaro cikin 'yar kwalba.

"Saura ɗaya," in ji Barira.

"Malama Barira, mace ɗaya, Sakata ɗaya, Mabuɗi ɗaya."

"Ai Sakata biyu kika ba ni."

"Kin ce ta farko ta faɗa magudanar ruwa," in ji Ungozoma da muryarta mai sanyi. "Magudana ba ta bukatar Mabuɗi."

Barira kuwa ta san gaskiyar. Ba magudanar da ta sha komai. Shekarun baya ƙanwarta Saude ta zo wankan jego a ɗakin nan, bayan haihuwar da ta kusa tafiya da ita, likita kuma ya ce ta huta da haihuwa. A Bakin Dam, unguwar su Saude da ke bayan gari, ba a kai Ungozoma ba, layin rajista kuwa ya fi wutsiyar damina tsawo. A gidansu kuma ba a saba ganin ɗan'uwa na bukatar magani kana da shi ka ɓoye ba. Mai ciwon kai yakan leƙa katanga ne, a miƙo masa. Don haka Barira ta shirya wa na'ura ƙarya, ta karɓi ta biyu, ta ce wa Saude, "Sha tawa, duk ɗaya ne." Ta ma ji daɗin wayonta a lokacin.

Yanzu ɗan Saude ya rasu tun daminar bara, zazzaɓi ya ɗauke shi. Shekaranjiya ta bugo waya tana cewa, "Yaya, ɗakin ya yi mini shiru, ki karɓo mini mabuɗina." Ita Barira kuwa ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ta jira ne ta samu tsayayyen aiki, ga shi ta samu, mijinta Isyaku har ya fara zolayarta da sunayen da zai raɗa.

Barira ta faɗa wa na'urar gaskiya. Ungozoma ba ta yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi tsorata ta.

"Sakatun biyu zubi ɗaya ne, don haka Mabuɗin nan zai buɗe ko wacce daga cikinku. Ɗaya kaɗai."

"To sake zuba wani. Don Allah."

"Zubin ya narke tun da ƙwayar ta fito."

"Likitoci fa? Waɗanda suka ƙera ki fa?"

"Ba wanda ke da shi. Don kare ki aka yi haka. A haɗiye shi ɗungum, Malama Barira. Kada a tauna, kada a fasa. Iska na taɓa cikinsa ya mutu."

Fitilar ta mutu. Barira ta dafa mararta, sai ta ji kamar tana jin motsin 'yan gadin nan a tsaye a cikinta, masu biyayya, waɗanda za su ci gaba da gadi har a kai ta kabari in ba a sallame su ba. Tsoro ya kama ta, tsoron da bai taɓa kama ta ba. Ta kai kwalbar baki. Wa zai sani? In Saude ta tambaya, sai ta ce mata na'ura ta hana. Amma hannun ya ƙi, don ita ce ta miƙa wa yarinyar nan ƙwaya da hannunta ta ce duk ɗaya ne.

Ta ɗaure kwalbar a bakin gyale ta hau jirgin igiya. Birnin na wucewa ƙarƙashinta, gilasai na walƙiya, motoci marasa direba na bin juna kamar tururuwa, ita ko ba abin da take gani sai fuskar Isyaku. A hanya ta tsara abin da za ta ce: na sha nawa tun safe, ga naki. Ta maimaita har ya zauna mata a baki.

Ta tarar da Saude a tsakar gida tana tsinke zogale. Suka gaisa, aka kawo ruwa, Barira ta kwance gyale.

"Ga shi. Na sha nawa tun safe."

Saude ta zazzage ƙwayar a tafinta, ta dube ta, ta dubi yayarta.

"Yaya, kina sosa kunne."

"Sauro ne."

"Da rana tsaka? Tun muna yara in kin yi wa Inna ƙarya haka kike yi. Guda nawa aka ba ki?"

Barira ta sauke hannu daga kunnenta, idonta ya kawo ruwa.

"Ɗaya ke nan," in ji Saude a hankali. Ta miƙo tafin. "Karɓi abinki. Ni na taɓa goyo, na san daɗinsa. Ke fa?"

"Ni na jawo miki. Sha."

"Ba zan sha ke ki zauna haka saboda ni ba."

"Saude, ni ce babba, na ce ki sha."

Hannu ya tura hannu, ya dawo, ya sake komawa, yadda ake yi a kan tsokar ƙarshe a kwano. Can sai Saude ta yi ɗan murmushi, irin na wanda ya gano mafita.

"Kin manta Inna? Ƙwai ɗaya ma da zare take raba mana."

Kafin Barira ta gane inda maganar ta dosa, Saude ta sa farcen babban yatsa a tsakiyar ƙwayar, ta ɓare ta kamar goro.

"Saude!"

Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinke ba. Wani gari mai ƙyalli ya zubo a tafin Saude, ya ɗan yi motsi kamar mai rai, sannan ya dushe ya koma toka. Barira ta tuna cewa ta shirya ƙaryarta tsaf a hanya, amma gargaɗin na'urar ba ta shirya faɗa ba.

Masanan da suka ƙera Sakata sun yi tunanin mugun miji, sun yi tunanin ɓarawo, sun toshe kowace kafa. Ba wanda a cikinsu ya yi tunanin gidan da ake raba ƙwai da zare.

Saude ba ta lura da tokar ba. Fuskarta ta washe, karon farko tun rasuwar ɗanta.

"Ga naki, ga nawa. Rabo ai ba ya kaɗan. In Allah ya so, rana ɗaya za mu yi suna."

Barira ta dubi ɓarin ƙwayar da ba komai a cikinsa, ta dubi murnar ƙanwarta. Sai ta karɓa, ta ce bismillah, suka haɗiye tare.