Akwatin Sanyi na Tudun Marke

Bayan sallar isha'i aka ɗauke wuta, muka baje tabarma a tsakar gidan Gwaggo. Yaya Haladu, ɗan wan babanmu, ya zo mana kwana biyu daga Kano. 'Yar'uwata Murja ta kawo masa shayi a kofin silba, sai da ta naɗo shi da gefen mayafi saboda zafi. Shi kuwa ya karɓa haka nan, ya riƙe cikin tafin hannu.

"Yaya, ba ka jin zafi ne?" in ji Murja.

Ya dubi kofin, ya dubi hannunsa. Ya ce mu matso kusa, kuma kada wanda ya katse shi. Ga abin da ya gaya mana, yadda ya faɗa.

Kun san kwantenar nan da tirela ke ɗauka. To akwai wata iri, fara, ba taga, ƙofa ɗaya. Cikinta kwamfutoci ne jere a kan kantoci, daga ƙasa har sama. Ba su da allo, ba kujera. Ƙara kawai suke yi, da 'yan fitilu kore. Hoton da kuke turawa, saƙon murya, sakamakon jarrabawa, duk sai sun bi ta cikin irinsu.

Da can gini ake yi musu, a shekara uku ana zuba siminti. Yanzu wa zai jira? Kowa ya riƙe waya, har mai tallan gyaɗa. Sai a ƙera akwatin a masana'anta da komai nasa a ciki, a ɗoro shi a tirela, a sauke. Wata uku ya fara aiki. In ya cika a kawo wani a jingina masa. Abin da kamfani ke nema shi ne fili mai araha, da rana saboda sola, da wayar intanet da aka binne a bakin titi. In sun samu wannan, shi ke nan. Ba su tambayar ko wurin da masu shi.

Ni aka tura wani wuri da ake kira Tudun Marke, in kula da akwati biyu. Daji ne. Ƙauye mafi kusa sai ka yi tafiyar rabin awa. Matata Barira tana gida da 'yarmu Sa'ade. Shekararta uku a lokacin.

Injinan nan zafi suke fitarwa. Ba dare ba rana. Akwai ruwa da ke zagayawa cikin bututu yana kwaso zafin, ya kai shi waje a huce shi, ya dawo. Ciki sanyi kamar firji, bayan akwatin kuwa ko akuya ba ta tsayawa. Can bayan akwai kan famfo na zubar da ruwan in ya ɓaci. Daga nan wata 'yar siririyar hanya ta wuce ta gindin wani tsohon marke, ta shige daji.

Maigadinmu tsoho ne, Malam Gambo. Ko ruwan wanke kofi zai watsar sai ya yi bisimilla, ya ce, "A gafara." Kun san dai yadda Gwaggo take yi in za ta zubar da ruwan zafi. Ranar da na zo ya nuna mini hanyar nan. Ya ce tun yana yaro ake ganinta, ba ta taɓa yin ciyawa ba, kuma bai taɓa ganin wanda ke binta ba. Ya ce in zan buɗe famfon in yi bisimilla, in ba masu wucewa lokaci. Na ce to. Ni da na yi karatun injiniya, a raina dariya na yi masa.

Ranar wata Juma'a ce. Tsakar rana. Ku daina zaton dare kawai mutanen ɓoye suke fita.

Malam Gambo ya tafi masallaci a ƙauye. Ni ma na sa riga zan bi shi, sai ƙararrawa ta kama ihu. Injin da ke zagayawa da ruwa ya tsaya a akwati na biyu, ruwan ya yi zafi sosai. Ogana ya kira daga Legas ya ce in zubar da shi yanzu, in cika sabo. Na zaga baya da gudu. Na kama famfon na murɗe.

Ban ce bisimilla ba. Ko a raina ban ce ba.

Ruwan ya fita yana tururi, ya malale kan 'yar hanyar nan. Sai na ji wani ɗan sauti, gajere, kamar an taka jelar kyanwa. Na duba, ba kowa. Na rufe famfon, na cika sabon ruwa, na tayar da injin. Ya tashi, amma da rabin ƙarfi.

Ina juyowa na lura tsuntsayen kan marke sun yi shiru. Iska ta tsaya.

Mace ce tsaye a kan hanyar. Doguwa, baƙin zane, ta rungume yarinya a ƙirji. Ba ta yi sallama ba. Tana tsaye cikin taɓon ruwan zafin nan, yana tururi a idon sawunta, ko motsi ba ta yi. Na dubi ƙafafun. Dugaduganta ne ke fuskantata, yatsun suna baya.

"Ka ƙona mini 'ya," ta ce.

Bakinta na gabana, amma muryar daga bayan kunnena ta fito.

Na so in yi addu'a, harshena ya ƙi. Ta ɗan buɗe zanen. Ba zan gaya muku abin da na gani a bayan yarinyar ba, kun ci tuwo yanzu. Ba ta kuka. Numfashi kawai take ja, guntu-guntu.

"Kai ma kana da ɗaya. Sa'ade."

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Barira ce. Ta ce yanzun nan Sa'ade na wasa a tsakar gida ta faɗi, jikinta ya ɗau zafi kamar dutsen guga, ba ta magana. Ta ce ta jiƙa tawul ta ɗora mata, nan take ya bushe. Tana tambayata me za ta yi. 

Mai baƙin zanen ta ce in tata ta kai la'asar, tawa ma za ta kai. Ba ta faɗi sauran ba.

Na ce me take so in yi.

"Sanyin ɗakinka."

Dokar wurin ita ce ba mai shiga sai ni. Ƙofa da kati, kyamara a kowace kusurwa. Ban tsaya tunani ba, na buɗe. Ta wuce ni, ban ji iskar wucewarta ba. Na ɗaga kai ga allon kyamara, ni kaɗai ne a ciki riƙe da ƙofa. Amma ma'aunin zafi na bango ya yi sama lokaci guda.

Ta zauna a ƙasa tsakanin kantocin, ta kwantar da yarinyar ruf da ciki a cinyarta.  Sannan ta ce sanyin bai isa ba, waɗannan masu numfashin wuta suna shanye shi. In kashe su.

Ku gane. Hanyar wayar yankinmu gaba ɗaya ta cikin akwatin nan take bi, har unguwarmu. In na kashe, ba zan ƙara jin Barira ba. Ba zan san halin da Sa'ade ke ciki ba. Aikina kam na san ya tafi, wannan bai dame ni ba.

Barira na kan layi har lokacin. Na ce mata ta ci gaba da jiƙa tawul, kada ta daina. Na fara kashewa. Jeri na farko, fitilu kore suka mutu. Na biyu. Ogana ya kira a wayar aiki, ya kira, ya sake kira. Na uku. Ina jin Barira tana cewa, "Baban Sa'ade, idonta ya fara..." Na kashe na huɗu, muryarta ta yanke.

Tunda aka sauke akwatin nan ban taɓa jin shi shiru ba sai ranar.

Sanyi ya sauko. Na zauna a bakin ƙofa daga ciki, bayana jikin ƙarfe. Ba na jin tsoro, ba na jin komai. Ina kallon agogo kawai. Biyu da rabi. Uku saura kwata. Yatsuna suka sandare, haƙorana na haɗuwa. Matar tana shafa kan 'yarta, tana wata 'yar waƙa da ba ta da kalmomi. Sau ɗaya yarinyar ta daina numfashi. Na ƙirga har goma sha ɗaya kafin ta ja wani.

Can daga nesa na jiyo kiran sallar la'asar daga ƙauye. Siriri, da ƙyar.

Yarinyar ta ɗago kai. Ta nemi nono.

Matar ta miƙe ta saɓa ta. Ta tsaya a kaina. Ta tsunkuli bayan yarinyar a gabana, da ƙarfi, yarinyar ko juyowa ba ta yi ba.

"Ta rayu. Amma fatarta ba ta ji. Miƙo hannunka."

Na miƙa duka biyun. Ta taɓa tafin da ɗan yatsa ɗaya, wannan sannan wannan. Ban ji zafi ba, ban ji sanyi ba.

"Na bar maka taka. Wuta ba za ta ƙara damunka ba."

Ta fita. Na bi ta da ido har gindin marke. Fuskarta ta nufi daji, yatsun ƙafarta suna nuno ni. A taɓon nan ba sawu ko ɗaya sai nawa.

Malam Gambo ya dawo ya same ni zaune a rana. Ya dubi taɓon, ya dubi ƙofar a buɗe. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce in tashi in tafi gida, shi zai rufe. Ban ko kunna injinan ba, na hau babur.

Na iske Sa'ade zaune a cinyar uwarta tana shan koko. Barira ta ce daidai kiran la'asar zafin ya sauka, kamar an zare shi. Tana kuka tana dariya. Ta ce in taɓa in ji yadda ta huce.

Na ɗora hannu a goshinta. Na ji akwai abu a ƙarƙashin hannuna, shi ke nan. Da goshin 'yata da bangon ɗaki duk ɗaya. Na sa kumatuna, su ma haka. Na ce wa Barira, "Ta huce." Ƙarya na yi, ban sani ba.

Kamfani suka sallame ni cikin sati. Sun duba kyamara, sun ga mutum shi kaɗai yana kashe injina yana magana da iska. Ban yi musu gardama ba. Likita ya caccake ni da allura, ya ce jijiyoyina lafiya lau.

Shekara huɗu ke nan. Sa'ade ta shiga firamare. In ta rungume ni ina jin nauyinta, ba na jin ɗuminta. In tana barci sai in tsaya a kanta in ga ƙirjinta na motsi, don taɓawa ba ta gaya mini komai. Wani lokaci in tashi uwarta in ce ta taɓa mini ita. Ta gaji da ni, amma tana tashi. Wannan ne ke ci mini rai, ba aikin ba.

Da zan zo nan na ƙirga tirela shida a hanya ɗauke da fararen akwatunan nan, duk sun nufo arewa. Tudun Marke ma an ce yanzu sun zama biyar. Kowane ɗaya da famfonsa a baya. Wataƙila cikinku wani zai samu aikin, ana nema sosai. Ban hana ku ba. Amma in kun ga hanyar da ba ta ciyawa kuma ba mai binta, kada ku bi ta ku kaɗai, ko da rana tsaka ce. In za ku zubar da ruwan zafi ku yi bisimilla, ku ce a gafara, ku ɗan jira.

Nan Yaya Haladu ya ƙare labarinsa. Ba wanda ya motsa a cikinmu. Shayin yana hannunsa har lokacin, bai kurɓa ba. Ya miƙa wa Murja kofin.

"Taɓa mini," ya ce. "Ya huce?"