Katangar da Ta Cinye Lungu

A can wani zamani, a wani gari mai bunƙasa, an yi wani mutum mai ƙaton tumbi. Duk shekara in zai sake katangarsa kafin damina, sai ya tura ta cikin lungu.

Tsohuwa maƙwabciyarsa ta ce, "Malam, lungu na kowa ne."

Ya ce, "Iya, tafin hannu ne kawai."

Bara tafin hannu, bana tafin hannu, har jaki ya daina wucewa.

Ran nan ya ƙoshi da tuwon suna, ya shigo lungun, sai ya maƙale. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Ya ce, "Iya, taimaka ki kira magina."

Ta leƙo, ta dube shi, ta ce, "Malam, rage tumbin mana. Tafin hannu ne kawai."