Jakunkunan Gimbiya

"Buɗe ɗayar ma, Mama ki gani da idonki!"

Yaya Babba ba ta jira ba, ta finciko ƙofar wadrob ɗin matar ƙaninta da kanta. Sai ga jakunkuna suna zubowa ƙasa, baƙa da ja da mai sarƙa, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Takalma kuwa har ƙarƙashin gado.

Ƙaninta Auta, kafinta, yana tsaye a bakin ƙofa da garin katako a gashinsa, don daga wurin aiki suka kirawo shi. Matarsa, wadda kowa ke kira Gimbiya, ba ta nan.

"Ina ta tafi?" in ji Mama.

"Ta ɗan fita ne."

"Shofin!" Yaya Babba ta tafa hannu. "Jiya shofin, yau shofin! Ƙafa nawa gare ta? Kai kana can kana shaƙar ƙura, ita tana nan tana neman jakar da za ta yi macin da gyale. Wallahi ka maida ta gidansu ta koyo hankali!"

"Yaya, matata ce fa."

Mama ta miƙe tana gyara mayafi. "Na ba ka mako guda, Auta. Ko ta natsu, ko ka san abin yi."

Ranar ya kasa aiki. Ya auna katako ya yanke ba daidai ba, ya ajiye zarto, ya ɗauka, ya sake ajiyewa. Son Gimbiya yake kamar ransa, amma shi ma abin ya ishe shi. Watanni biyar ke nan ba ta iya zaman awa guda a gida. Ta share inda ta share, ta leƙa taga, sai ka ji, "Bari in je in dawo." In ya yi magana ta ce, "Sori mana, wannan ne na ƙarshe."

Washegari da hantsi da ta fita, ya bi bayanta daga nesa. Ta wuce shagon atamfa ba ta waiwaya ba, ta shige wani babban kanti mai ƙofar gilashi. Ya laɓe bayan rigunan da aka rataye yana leƙenta.

Ba wajen jakunkuna ta nufa ba. Can lungu ta je, inda ake jera kayan jarirai. Ta ɗauki wani ɗan farin takalmi da bai kai tsawon yatsanta ba, ta ɗora a tafin hannu, ta tsaya tana kallonsa. Ta daɗe a haka.

Mai kantin, wata dattijuwa, ta matso kusa da Auta ta yi ƙasa da murya. "Matarka ce? Kullum haka take yi. In ta ga na lura sai kunya ta kama ta, ta suri jaka ko takalmi ta biya ta fice."

Watanni biyar da suka wuce ne cikinta ya zube. A asibiti ya ce mata ta yi haƙuri, kowa ma ya ce haka, daga nan ba wanda ya sake ta da zancen. Shi ya dulmuya cikin aiki, ya bar ta da gida shiru.

"Gimbiya."

Ta juyo a firgice, takalmin ya faɗi. "Biyo ni ka yi?"

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"In faɗa maka yaushe? Kullum kana fita tun ban tashi ba!" Hawaye suka ɓalle mata. "Gidan ne ba na iya zama — ko'ina na juya sai in ji kamar kukan jariri. Jakunkunan nan ko so ba na yi, wallahi ba na so!"

Ya riƙe hannunta a gaban jama'a.

Daga nan gidan Mama suka wuce. Yaya Babba ta taso da faɗa, Auta ya ce, "Yaya, yau ni za a saurara." Ya faɗi abin da ya gani tiryan-tiryan. Mama ta jawo Gimbiya jikinta.

"Kafin in haifi Auta, biyu na rasa," ta ce. "Ni kwanuka na riƙa wankewa har hannuna ya tsage. Da ma na tambaye ki, 'yata. Ki yafe mini."

Yaya Babba ta goge ido da bakin gyale. "Ni ma bakina ya yi yawa... Amma jar nan mai sarƙa, in dai da gaske ba kya so..."

Dariya ta ƙwace wa Gimbiya cikin kuka, karo na farko a wata biyar.

Auta ya koma rufe shago da wuri, su fita tare su zaga unguwa suna hira. Sannu a hankali ƙafarta ta zauna. Bayan shekara biyu Allah ya ba su 'ya mace, kuma Yaya Babba ce ta fara goya ta.

'Yan uwa, kafin ku yanke wa mutum hukunci a kan abin da kuka ga yana yi, ku zauna ku tambaye shi abin da ke cin ransa. Haƙurin Auta da tambaya guda ɗaya su suka tsare masa aurensa.