Rubutun da Auta Ta Tsallake

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, ana ce mata Auta. Babanta mai gyaran janareta ne. Bai yi boko ba, don haka duk takardar da ta shigo gidan ita ke karanta masa.

Aikinsa ya fara ja da baya. Mutane sun koma sa sola a rufin gidajensu. Sai ya riƙa tara kuɗi don ya shiga ajin koyon haɗa sola.

Wata rana ya dawo da takarda.

"Auta, zo. Wani kamfanin sola ke sayar da hannun jari. An ce nan gaba kasuwar tasu ce. Zan sa kuɗina kafin a buɗe ajin."

"Baba, mene ne hannun jari?"

"Ka sayi ɗan rabo a kamfani. In ya ci riba, ka ci. In ya faɗi, ku faɗi tare. Karanta min."

A waje ƙawayenta suna tsallen igiya, suna ta kiranta. Ta karanta manyan baƙaƙen da sauri. Na ƙasa ƙanana ne, ga wuya.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba. Sauran adireshi ne."

Ƙarya ta yi. Ko kallonsu ba ta yi ba.

Bayan wata biyu aka buɗe ajin. Baba ya je cire kuɗinsa. Ya dawo ya zauna a benci, ko takalmi bai cire ba.

"Malam, lafiya?" in ji Mama.

"Wai ba a sayarwa sai bayan shekara biyu. Wai a rubuce yake a ƙasan takarda."

Auta ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Baba, ban karanta wajen ba. Sauri nake in je wasa."

Bai doke ta ba. Ya ce, "Ke ce idona, Auta. Da kin ce ba ki gane ba, da mun tambaya."

Da safe ta kai wa malamarsu takardar. Malama ta karanta har ƙarshe.

"Kamfanin yana da rajista, kuɗin bai ɓata ba. Amma farashi yana hawa yana sauka. Kuma ba a zuba kuɗin da za a buƙata gobe."

Ajin ya wuce Baba. Sai ƙanin Malama, mai haɗa sola, ya ɗauke shi aiki. Mutum da furfurarsa, yana riƙe wa saurayi tsani! Kullum Auta ta gani sai ta sunkuyar da kai.

Amma hannun Baba ya san wayar lantarki. Kafin shekara ya fara haɗa sola da kansa, har ana layin jiransa. Gida ya sake yin dariya.

Yara, in an ba ku amana ku karanta, ku kai ƙarshe. Abin da ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba.