Ranar da Auta Ta Toshe Kunne a Gidan Surukai

"Auta! Wai me kika je kika yi wa mutane a gidansu?"

Yaya ce ta faɗo ɗakin ko sallama babu, waya a hannu. Auta na zaune a bakin gado da almakashi, tana cire 'yar takardar wuyan sabuwar riga, don in ta bar ta yini za ta yi tana sukarta kamar ƙaya.

"Ni? Gaisuwa na je, kuma na gaishe su."

"Kin gaishe su! Yanzu yayar saurayinki Dogo ta kira ni ta wanke ni tas. Wai Ummansu ta nuna miki rigar da ta ɗinka da hannunta, ta ce ya kika gani, kika ce hannun hagu ya fi na dama tsawo!"

"To ai ya fi, Yaya. Tambayata ta yi."

"Innalillahi! Sannan kika toshe kunnuwa kika fice ba sallama?"

Wannan kam ta yi. Talabijin na ihu, bilenda na kuka a kicin, yara na tsalle a kan kujeru, ga ƙanshin turare kala-kala, ga mata kowacce da tambayarta. Ji ta yi kanta zai tsage, ba ta san lokacin da ta kai bakin titi ba. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne su duk suna zaune lafiya lau, har da dariya. Ba sa ji ne?

Tun tana ƙarama haka take. Ba ta iya kallon idon mutum, aka ce kunya, har ana yabonta. Ba ta shiga wasan yara, aka ce natsuwa. A kantin maganin da take aiki, in aka sauya wa kwali ɗaya wuri sai ranta ya ɓaci har yamma, aka ce tsafta. Yau kuma duk halin nan ya tashi daga yabo ya koma girman kai, ita kuwa ba ta ga abin da ta sauya ba.

Da yamma Dogo ya zo, da kayan aikinsa na gyaran firji a jikinsa. Shi ne mutum ɗaya da ke iya zama da ita shiru ba tare da ya ce "me ke damunki" ba. Yau kam fuskarsa ba annuri.

"Umma ta ce a dakata da maganar aurenmu. Yayata Anti Babba kuma cewa take ko dai raini ne, ko iska."

"Ni ban raina kowa ba, wallahi!" Hawaye suka zubo mata. "Ka gaya min laifin, in daina. In an tambaye ni, ƙarya ake so in yi?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Ba ƙarya ba... cewa ake yi ta yi kyau kawai."

"Ko ba ta yi ba?"

Ya miƙe ya yi mata sallama.

Ana cikin wannan hali Yaya ta roƙe ta ta raka ta asibiti da 'yarta Mimi, wadda ta isa shiga makaranta amma magana ta ƙi zama a bakinta. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta shiga yi wa Yaya tambayoyi. Auta na gefe tana murza bakin mayafi.

"Tana son a sauya mata tsarin da ta saba?"

A'a, in ji zuciyar Auta.

"Tufafi fa, akwai waɗanda ke damun fatarta? In ana wasa tana gane wasa ne? In aka kunna bilenda tana toshe kunne?"

"Eh, sosai ma!"

Ba Yaya ce ta amsa ba, Auta ce. Likita ta sauke tabarau ta dubi Auta.

"Yarinyar kike nufi?"

"Ni... ni nake nufi," in ji Auta. "Likita, duk abin da kika tambaya ni ce. Amma ni ina magana, na yi karatu, ina aiki. To mene ne ni?"

"Mutum ce ke," in ji likitar tana murmushi. "Abin da muke dubawa sunansa otizim. Ba hauka ba ne, ba iska ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Ƙwaƙwalwa ce da ke karɓar duniya ta wata hanya, kuma kowa da irin nasa. Manya da yawa ba su sani ba, musamman mata. Amma ba zan ce kina da shi daga zama ɗaya ba. Ki dawo a duba ki a tsanake."

Auta ta fito ba ta san ko murna za ta yi ko kuka ba, sai ta haɗa duka biyun. Yaya ta riƙe hannunta a hanya. "Ki yafe min. Ni da nake ce miki bauɗaɗɗiya."

Yaya ta so a rufe zancen sai bayan aure. Auta ta ƙi, ita da ba ta iya ɓoye hannun riga ba balle wannan. Ta gaya wa Dogo, Dogo ya kai gida. Nan fa Anti Babba ta samu abin da take nema.

"Ahaf! Ban faɗa ba? Mai larura zai kwaso mana! Gobe a cika mana gida da irinta!"

"Anti, irinta ba su taɓa yi min ƙarya ba," in ji Dogo. "In ba ita ba, na haƙura da auren."

Makonni suka shuɗe, Auta na zuwa asibiti, tana zuwa kanti, tana rama. Wani lokaci ta ce lallai otizim ɗin ne, wani lokaci ta ce ko dai kawai ba ta iya zama da mutane ba. Dogo bai fasa zuwa ba.

Wata safiya Umma ta aiko a kira ta. Auta ta shiga falon, sai ta tsaya turus. Talabijin a kashe. Ba yara, ba turare. Umma ita kaɗai, da rigar nan a cinya da tef ɗin awo.

"Zauna nan kusa da ni, ba sai kin kalle ni ba," in ji Umma. "Na sa rigar nan na je taro. Duk gidan nan ba wanda bai ce ta yi kyau ba, har da wancan dogon banzan. Ina zuwa ƙawata ta ja ni gefe ta ce, wa ya cuce ki? Na dawo na auna, ashe gaskiyarki ce." Ta kwashe da dariya. "Ke kaɗai kika so ni ranar nan, ni kuwa na kore ki a zuciyata."

"Umma, ki yi haƙuri da fitar da na yi. Ƙarar ce take min ciwo. Har yanzu likita ba ta gama dubawa ba, ban san..."

"Ko me ta ce, ke ce dai. Ni zan koyi rage ƙara, ke kuma ki koyi ce min, Umma zan fita in sha iska. Mun shirya?"

Auta ta gyaɗa kai, hawaye na ɗiga a kan rigar.

"To karɓi almakashi. Na gyara hannun jiya. Ya kika gani?"

Auta ta duba, ta sake dubawa. Ta tuna abin da Dogo ya koya mata.

"Umma... yanzu kuma na daman ne ya fi."

Dariyar Umma har waje, inda Dogo ke laɓe yana share ido da hannun rigarsa.

Mahaƙurci mawadaci. Kafin ka kira halin mutum raini, tambaye shi yadda duniya take a kunnensa. Wani ba ƙin ka yake yi ba, ƙarar gidanka ce ta fi ƙarfinsa.