In Da 'Yar Maƙwabta Ce

Zuweira na zaune a tsakar gidansu da ke Salaga tana feraye doya, wayar mijinta Mutawakil na kan tabarma a buɗe, muryar yayarsa Hajiya Lamisi na fitowa daga Bawku kamar ta katanga take leƙowa, da Hausarta ta can da ba ta raba mace da namiji.

"Yarinya nan nawa ne, Mutawakil! Ni na yanka masa rago. Zai yi Kambirij, in ya gama ya tafi Landan wurin ɗana Abdul-Wahab. Magana ya ƙare!"

Maganar Anisatu ake yi, 'yar farinsu, wadda ke makarantar intanashinal a Tamale. Za ta shiga babbar sakandare, makaranta ta ce iyaye su zaɓa mata: ko tsarin Kambirij na Ingila, ko jarrabawar WASSCE ta gida. Abu bai kai ya kawo ba, amma dangi suka ɗauka da zafi. Mahaifin Zuweira, Malam Fuseini na Yendi, ya riga ya aiko da nasa saƙon: in aka ɗora jikarsa kan hanyar barin ƙasa, to a mayar masa da 'yarsa gida. Malam kuwa ba ya magana biyu.

Mutawakil ya kashe wayar ya dubi matarsa.

"Kin dai ji. Me kika ce?"

"Duk yadda kuka yi, Alhaji."

"Aurenmu fa ake neman kashewa, Zuweira! Duk yadda muka yi?"

Ta ci gaba da firar doyarta. A gidan da ta tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tsoma baki a sha'aninsa. Tun tana danne abin da ke ranta da gangan, har ya zamana in ta neme shi ba ta samu. Ranar nan ma ba ta ji tsoro ba, ba ta ji haushi ba. Kanta kawai ya yi mata nauyi.

Sati na zagayowa Anisatu ta zo hutu. Ana cin tuwo ta ture kwano.

"Dadi, plis, a bar rigimar nan. Kambirij zan yi, in tafi Landan ɗin da Anti Lamisi ke so."

"Kin yi shawara da uwarki?"

"Mma? Ai ko wata duniyar za a kai ni ba ta damu ba. Siriyos, ko tambayata ba ta yi!"

Ta tashi da kuka ta shige ɗaki. Zuweira ta tattara kwanuka ta wanke tas, ta sake wanke su, ba ta ma san ta yi ba. Mutawakil na tsaye yana kallonta. Shekarun da suka yi tare sun koya masa cewa matar nan in abu ya fi ƙarfinta, hannunta ne ke magana. Tausayinta ya kama shi har fushin ya tafi.

Washegari ya ce Zuweira ta raka shi Yendi gaida Malam. Suna kan hanya ya gangara gefen titi, ƙarƙashin wata kaɗanya, ya kashe mota.

"Ba maganar 'yarki zan yi ba, na san ba a yi. Akwai wata 'yar maƙwabta, sa'ar tamu, iyayenta sun rasa yadda za su yi da karatunta. In uwarta ta zo neman shawara, me za ki ce mata?"

Zuweira ta maida ido kan titi. Da ta buɗe baki, muryar kamar ba tata ba.

"Sai in ce mata... a bar ta ta yi Kambirij. Sayans take so, ɗakin gwaje-gwajen ɓangaren nan take ta yabo. Amma wa ya ce sai an tafi Landan? Jami'ar Kumasi ma na karɓar sakamakon, na ji tana gaya wa ƙawarta a waya. Likita take son zama, a nan gida. Yarinyar da ko iskar damina ke tayar mata da asma, ina ita ina sanyin Turai? Ba ta cin abinci in tana kewa, Alhaji, sai ta ce ta ƙoshi, kuma ƙarya take..."

Nan maganar ta tsinke. Kukan da ya ƙi zuwa tun farkon rigimar ya zo gaba ɗaya, ta kifa kai a kafaɗarsa. Bai ce ta yi shiru ba.

A Yendi Mutawakil ya durƙusa gaban surukinsa ya faɗi shawarar a matsayin tasa. Malam ya ce in dai jikarsa na cikin ƙasa, babu ruwansa da sunan jarrabawa. Hajiya Lamisi ta yi kwana biyu ba ta ɗaga waya, daga baya ta huce, tunda dai Kambirij ɗinta aka zaɓa.

Anisatu kaɗai Mutawakil ya gaya wa gaskiya, bai rage ko kalma ba, har zancen ƙoshin ƙarya. Haka zaman aure yake: wanda ya yi haƙuri da shirun masoyinsa, ya nemi ƙofar da zai shiga ba tare da ya karya al'adarsa ba, shi ke tsira da gidansa.

Ranar komawa makaranta, a tsakiyar tasha, yarinyar ta ruga ta ƙanƙame uwarta.

"Ke, sake ni, mutane na kallo!" in ji Zuweira, fuska a ɗaure.

Anisatu ta saki. Sai dai ta kasa matsawa, don har direba ya gaji da danna ham, hannun uwar na riƙe da gefen hijabinta.