Rijiyar da Aka Haƙa Ba Sallama

Ranar da aka taɓo laima a rijiyar fagen tsamiya, Maiwada ya koma gida gab da magariba yana taku ɗai-ɗai. A wani ƙauye ne kusa da Gozaki, tun kafin a san Nasara a ƙasar Katsina. Shi ya tara mutane ya ce a yi gayya a haƙa rijiya a fagen da fatake ke sauka, 'yan mata ke dandali. Maza suka ba da ƙarfi, mata suka ba da geron fura, shi kuma ya kai maganar fadar dagaci.

Yana cikin alwala sai dutse ya faɗo ya fasa butar. Ya ɗauka ya ji shi da sanyi, jiƙe da jan laka, ga shi tsakiyar rani ne. Na biyu ya sauka kan rumbu. Kaji suka yi tsit. Daga bayan danga wata murya mai kauri ta yi kira a hankali, "Nomau."

Matarsa Kulu ta ce, "Maigida, wa ake kira?"

"Ina zan sani?" in ji shi. Alhali ya sani sarai.

Dagaci da dattawansa sun kwana uku suna juya maganar rijiyar kafin su yarda, kuma da sharaɗi suka yarda. Fagen tsohon wurin Maguzawa ne, kuma a al'adar ƙasar ba a sa dagi a irin wannan wuri sai tsohuwarsu ta zo ta nuna da sandarta inda za a sara. Tsohuwar kuwa Hansai ce, yayar mahaifin Maiwada, ciki ɗaya. Uban ya musulunta ya baro unguwarsu ta gindin dutse tun Maiwada na ƙarami, aka sauya wa yaron suna daga Nomau, aka binne zancen. To, yau mutumin sahun gaba, mai rawani kamar tulu, shi zai je ya durƙusa gaban mai dafa giya ya ce mata Gwaggo? Kunya ta hana shi. Ya fita da hantsi, ya zauna gindin wata ɗorawa har azahar, ya dawo ya ce wa dagaci ƙafa na damun tsohuwa, ta ce a haƙa ko'ina.

Kwana shida ana jifa, kullum da faɗuwar rana. Randunan gidan su cika da safe, da yamma a tarar da su ƙaf. A rana ta bakwai 'yarsa Hajjo tana tankaɗe ta saki rariya, ta miƙe tsaye, ta sandare. Ruwa na ɗiga daga kitsonta, ba wanda ya zuba mata.

Aka ɗauko Malam Shitu daga Mahuta, tsoho ne siriri wanda ba ya ɗaga murya. Ya sa hayaƙi, ya zauna gaban yarinyar ya yi ta karatu yana tofi, har inuwar rumbu ta kai bakin zaure. Sannan Hajjo ta buɗe baki, murya mai kaurin nan ta fito.

"Malam, sassauta. Ƙona ni kake yi."

"Me ka zo nema a jikin baiwar Allah?"

"An fasa mini tsakar ɗaki ba sallama. Tsohuwar gindin dutse ta san inda nake kwana. Da taku bakwai gabas aka haƙa, ba ruwana da kowa. Tambayi Nomau ko ya je."

Malam ya waiwayo. Maƙwabta sun cika ƙofar gida. Maiwada ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ya sunkuyar da kai, kuma wannan ya ishi kowa amsa.

"A yanka mini baƙin bunsuru," in ji muryar.

"Ba a yanka don wanin Allah."

"To, a cike ramin."

"Gumin mutum arba'in ne da geron matansu. Ba su suka yi maka laifi ba."

Yarinyar ta yi wani dogon numfashi. "Zan koma wajen dutse. Amma gugan farko, shi zai ɗauka a kansa, ba rawani, ya kai wa tsohuwar, ya kira ta da abin da take a gare shi. In ta sha, na tafi."

Malam ya ce, "Wannan ko ba kai ba, Allah ya wajabta masa."

Washegari, gaban dagaci da duk wanda ya taɓa dagi, Maiwada ya faɗi ƙaryarsa da bakinsa, ya faɗi sunansa na farko. Ya kwance rawani, ya ɗora tulu. Bai taɓa ɗaukar ruwa ba tun da ya yi gemu, tulun na tangaɗi, ruwa na bin wuyansa. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi.

Ya tarar da Hansai a ƙofar bukka tana ɓarar gyaɗa, idanunta sun yi fari. Ya durƙusa.

"Gwaggo."

Hannunta ya tsaya. Ta lalubo fuskarsa, ta shafa kunnensa. "Nomau? Kunnen ubanka ne wannan."

Ya ba ta labari duka. Ta karɓi ƙoƙo ta sha, ta sake sha. A daidai lokacin, kamar yadda Kulu ta faɗa daga baya, Hajjo ta yi atishawa uku ta nemi fura.

"Ruwan da daɗi," in ji tsohuwar. "Da ka zo ai da na bi ka ko da rarrafe. Mu ma rafi muke zuwa, da nisa." Ta goge bakinta, ta juya fuska wajen hanyar da ya fito tana murmushi. "Ina ƙanen nawa? Yana baya ne?"

Maiwada ya dubi tulun. Damina huɗu ke nan da binne mahaifinsa, kuma shi ne ya hana a aika mata.